Darasi: Fansho da Tallafin Tsofaffi, Kamar Yadda Muke Gani a Cikin Birnin Kano

Darasinmu na wannan karo a kan fansho ne, da kuma irin taimakon da hukuma kan ba tsohon da ƙarfinsa ya ƙare alhali ba shi da abin hannu. Mun zaɓi mu dubi maganar daga cikin ganuwar Kano, ko da yake yawancinmu a waje muke zaune, wasu a Sabon Gari, wasu a Birget da Badawa, wasu kuma a ƙauyuka masu nisa. Dalili shi ne, a cikin birni ne mutum zai ga tsohon ma'aikacin gwamnati da tsohon mai sana'ar hannu suna zaune a kan dakali guda, shekarunsu ɗaya, ciwon gwiwarsu ɗaya, amma matsayinsu a gaban doka ya sha bamban. Abin da muka gani a can, shi ne ke jiran iyayenmu, kuma shi ne ke jiran mu.

Bari mu ɗauki misali da mutum uku, waɗanda za mu riƙa komawa gare su har ƙarshen darasin. Na farko ya yi shekara 35 yana masinja a ƙaramar hukuma. Na biyu marini ne a Ƙofar Mata, tun yana yaro hannunsa ke cikin baba, har shuɗin ya zauna masa a farce. Ta uku gwauruwa ce a wani lungu na Jakara, wadda ta yi shekara 40 tana suyar ƙosai a cikin gida, yara suna kai mata talla. Dukansu sun haura shekara 70. Masinja yana da fansho, ko da kaɗan ne, ko da yakan makara. Marini da mai ƙosai ba su da ko sisi, kuma babu wani ofishi a ƙasar nan da yake binsu da alkawari.

Inda abin ya samo asali

Fansho baƙo ne a ƙasarmu. Kafin zuwansa, gandu da 'ya'ya su ne fanshon tsoho. A birni kuwa, sana'ar gado ce ke riƙe mutum: idan maƙeri ya gaza ɗaga masaba, ɗansa ya karɓa, shi kuma ya koma gefe yana nuni, ana ba shi nasa rabo. Haka abin yake ga majema da dukawa da madinka da 'yan kolin Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

A Turai ma abin bai daɗe can can ba. Jamus ce ta fara a shekarar 1889, a zamanin Bismarck, da tsarin da ma'aikaci da ubangidansa ke zuba kuɗi tun ana aiki. Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam a shekarar 1908: ta yanka wa duk tsohon da ya kai shekara 70 sule biyar a mako, ba tare da ya taɓa zuba komi ba, muddin abin da yake samu bai wuce fam 21 a shekara ba. Wanda samunsa ya ɗan ɗara haka, sai a rage masa. A gidan waya ake biya. To, a nan ne hanyoyi biyun suka rabu, kuma har yau a rabe suke: akwai fanshon da mutum ke samu domin ya yi aikin albashi, akwai kuma wanda yake samu domin ya tsufa kuma an auna an ga ba shi da shi.

Abin lura shi ne, Turawan da suka ci Kano a 1903, shekara biyar kafin su yi wa nasu tsofaffin wannan gata, hanya ta farko kaɗai suka bar mana. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa farkon 1946, ta ma'aikatan gwamnati ce. Marinin da ke biyan haraji kowace shekara bai shiga lissafi ba. A 1961 aka kafa asusun ajiya na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, a 1979 aka yi dokar soja mai lamba 102 domin ma'aikatan gwamnati, a 1993 aka maye gurbin asusun ajiyar da hukumar NSITF. Duk waɗannan gyare-gyare a kan mai takardar albashi suka tsaya.

Fansho iri uku da muke da su yau

Sau da yawa mukan ji tsofaffinmu suna gardama a bakin coci, wannan yana cewa an ƙara fansho, wancan yana cewa shi bai gani ba. Galibi dukansu gaskiya suke faɗi, sai dai ba a tsari ɗaya suke ba.

Akwai tsohon tsarin Gwamnatin Tarayya, wanda ma'aikaci ba ya zuba komi. Idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sai a lissafa masa bisa albashinsa na ƙarshe: wanda ya cika 35 ɗin yana da kashi 80 cikin 100 na albashin a matsayin fansho, da garatuti mai yawan albashin shekara uku. A takarda ba shi da na biyu. A aikace kuwa, daga aljihun gwamnati ake biya, idan babu sai a ce a yi haƙuri. Waɗanda suka rage a wannan tsari, hukumar PTAD ce ke kula da su tun 2013.

Sai sabon tsari na karo-karo, wanda aka kafa a 2004 a zamanin Shugaba Obasanjo, aka kuma yi masa gyara a 2014. Yanzu ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100, ubangidansa na zuba kashi 10. Alal misali, idan albashin da ake lissafi a kansa naira 100,000 ne, to kowane wata naira 18,000 ya kamata ta shiga asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, a hannun kamfanin da ya zaɓa, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Amfaninsa shi ne kuɗin nasa ne, ko ya sauya wurin aiki suna biye da shi. Rauninsa kuma a fili yake: abin da ka tara shi za ka ci. Wanda ya yi rayuwarsa a kan ƙaramin albashi, ƙaramin fansho ke jiran sa. Dokar 2014 ta yi tanadin mafi ƙarancin fansho domin irin waɗannan, har da asusun da zai cike giɓin, amma an ɗauki shekaru masu yawa tanadin yana kwance a takarda.

Jihar Kano kuwa ta bi tsakiya. A 2006, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta yi tata dokar: ma'aikaci na zuba kashi 8, gwamnati kashi 17, amma kuɗin tukunya ɗaya suke shiga, a hannun kwamitin amintattu, sa'an nan a biya mutum bisa shekarun aikinsa da albashinsa. A nan masinjanmu yake. Tsarin yana da kyau ga ƙaramin ma'aikaci matuƙar kowace hukuma tana kai nata kason, kuma ba a taɓa tukunyar. Abin da ya faru sananne ne. An zuba wani ɓangare na kuɗin a harkar gidaje a rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, magana ta kai kotu, sai a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa amintattun takardun gidaje 324. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata fiye da naira biliyan 48. A watan Disamba na shekarar ta fara rage shi da biliyan 6, ta ci gaba da biya kashi-kashi, daga baya kuma ta sanar da ɗaga mafi ƙarancin fansho daga naira 5,000 zuwa 20,000.

Wannan ƙari abin yabo ne, ba ma raina shi. Amma mu raba 20,000 gida 30: bai kai naira 700 a rana ba, ga tsohon da ke shan maganin hawan jini, wanda wataƙila akwai jikoki marayu a gabansa. A jihar da mafi ƙarancin albashi ya zama 71,000 a 2024, wannan bai kai sulusi ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 210, ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka sake duba albashi. Ya kyautu kowane ɗan fansho ya haddace lambar wannan sashe, domin wanda ya san haƙƙinsa ba roƙo yake yi ba.

Waɗanda ba su cikin kowane littafi

Yanzu mu koma ga marini da mai ƙosai, domin su ne mafi yawa. Duk wanda ya ratsa daga Ƙofar Wambai zuwa Mandawari ya san masu albashi 'yan kaɗan ne a cikinsu. Ga kuma waɗanda suka yi aiki a masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda da yawa aka rufe, aka sallami mutane da ɗan abin da bai kai su ko'ina ba. Gandun da ya riƙe kakanni ya watse, sana'ar gado ta ja baya a gaban kayan waje masu araha, 'ya'yan da ake sa ran za su riƙe tsoho su ma neman mai riƙe su suke yi.

Sashe na 16 na tsarin mulki ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta samar wa dukan 'yan ƙasa. Sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Har yau Nijeriya ba ta da fanshon tsufa na ƙasa baki ɗaya ga wanda bai yi aikin albashi ba. An yi dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021, amma ba ita ce ke biyan kuɗin wata ba. Jihar Ekiti ta gwada a 2011, tana ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata, shirin kuma ya yi ta tangal-tangal da sauyin gwamnati. A 2019 an buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa. Ga saurayin tela ko mai facin taya wannan dama ce, kuma muna ba matasanmu shawara su bincika. Ga wanda ya riga ya kai 70, jirgi ya wuce.

Abin da ya fi kusa da tallafin da ake aunawa shi ne rajistar talakawa ta ƙasa. Daga 2016 aka soma biyan gidajen da ke cikinta naira 5,000 a wata, wani ɓangare daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Bayan cire tallafin mai a 2023, aka yi alkawarin naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15, aka dakatar a farkon 2024 domin bincike, sa'an nan aka ci gaba. Amma a lura: wannan tallafi na gida ne, ba na tsoho ba, kuma na ɗan lokaci ne. Ba a iya gina tsufa a kansa.

Yaya ake auna talauci?

A nan muke so mu daɗe, domin nan ne ƙullin maganar yake. A ƙasar da kowa ke da takardar albashi da ta haraji, auna samun mutum abu ne mai sauƙi. A cikin birnin Kano fa? Wa ya rubuta cinikin ƙosai? Saboda haka masu rajista kan bi matakai: a zaɓi yankunan da suka fi talauci, a tara jama'ar unguwa su faɗi waɗanda suke ganin sun fi buƙata, sa'an nan a shiga gida da tambayoyi, a dubi rufi da daɓe da banɗaki da kayan da aka mallaka, a ba gidan maki.

To, mu bi su zuwa gidan marini. Gidan gado ne, mai soro da zaure, a tsakiyar birni inda fili ke da tsada. Ga tsohuwar talabijin da wani ɗa ya saya a lokacin da yake da aiki. A takarda, wannan ba matalauci ba ne. Takardar ba ta san cewa magada goma sha ne ke da haƙƙi a gidan ba, ba ta san azara ta ruɓe kuma an yi damina uku ba a yi yaɓe ba, ba ta san tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Afirka ta Kudu, wadda ke biyan tsofaffi daga shekara 60 fiye da rand 2,000 a wata bayan an auna samunsu, ta gane wannan, shi ya sa ba ta lissafa gidan da tsoho yake zaune a ciki cikin dukiyarsa.

Sa'an nan ga kunya. Mutanen birni suna da wata kalma da suke roƙo da ita kullum, wato rufin asiri. Dattijon da ya yi shekara 50 ana gaishe shi da girma a unguwa, zai sa wankakkiyar rigarsa guda ɗaya ya fito, ya gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa a gaban mai unguwa cikin jerin mabuƙata. Mai ƙosai kuwa ba ta ma fita taron ba, kuma babu namijin da zai tsaya mata. Wanda ya iya magana, ko yake da ɗa a kusa da masu rubutu, shi zai shiga. Ba lallai ne a ce an yi rashin gaskiya ba. Awon kansa ne ke tsallake mai kawaici. Idan aka ƙara da neman lambar zama ɗan ƙasa da asusun banki da wayar hannu, ga tsohuwar da zanen yatsunta ya shafe saboda aiki har na'ura ba ta karanta shi, sai mu ga ƙofar da aka buɗe domin mafi rauni, mafi rauni ne ya kasa shiga.

Saboda irin wannan ne wasu ƙasashen Afirka suka ajiye awon gaba ɗaya, suka ce shekaru kaɗai za a duba. Botswana ta yi haka a 1996, Lesotho a 2004 ga 'yan shekara 70, tsibirin Zanzibar a 2016, Kenya a 2018. Ba ƙasashe ne masu man fetur ba. Masu suka kan ce ai ta haka har attajiri zai karɓa, kuma gaskiya ne. Amma a ganinmu, gara a yi kuskuren ba tsoho mai hali ɗan abin da ba ya buƙata, da a yi kuskuren hana goma da ke kwana da yunwa. Shekaru ba abin kunya ba ne. Ba wanda zai ɓoye fuska domin an ce ya kai 70. Mun sani tabbatar da shekarun ma aiki ne a inda ba a rubuta haihuwa ba, amma tsofaffin unguwa sun san sa'o'insu, sun san wanda ya yi wayo kafin Sarki Sanusi na Ɗaya ya bar gadon mulki a 1963.

Kafin a kai can, abin da ke riƙe da su shi ne jama'a. Maƙwabtanmu Musulmi suna da zakka, jihar ma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, ga kwanon tuwon da ake tsallakawa da shi katanga da magariba ba tare da kowa ya ji ba. Mu kuma muna da Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda tun kafuwarta a Faris a 1833 al'adarta ita ce a je gidan mabuƙaci a zauna da shi, maimakon a kira shi ya bi layi. Wannan shi ne awon da ba ya tona asiri. Amma kada mu ruɗi kanmu: sadaka takan zo yau ta fasa gobe, ba ta zama madadin haƙƙi ba.

Tambayar da ta dawo kanmu

Yana da sauƙi mu nuna hukuma da yatsa. Amma mu ma iyayen gida ne. A wasiƙarsa a kan aikin ɗan Adam ta shekarar 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa fansho da inshorar tsufa cikin haƙƙoƙin ma'aikaci, ba cikin kyauta ba. Dokokin Ikilisiya na 1983, a lamba 231, sun ce waɗanda ba limamai ba da suka ba da kansu ga hidimar Ikilisiya suna da haƙƙin lada mai kyau da tanadin tsufa da na lafiya. To, katikis ɗin da ya yi shekara 30 yana taka keke daga ƙauye zuwa ƙauye, me muka ajiye masa? Mai gadin coci, da mai dafa abinci, da malaman makarantunmu fa? Idan kwamitin kuɗi na majami'a bai taɓa buɗe wannan magana ba, ya kamata ta shiga jerin abin tattaunawa a zama na gaba. Haka nan duk wanda ke da shago ko gareji ko 'yar makaranta mai ma'aikata, ya binciki abin da dokar 2014 ta ɗora masa. Wanda kuma yake cire kashi 8 daga albashin mutum bai kai asusun ba, ya sani guminsa na tsufa yake ci.

Ga masu aiki har yanzu, akwai ƙananan abubuwa da ke jawo babban baƙin ciki idan an yi sakaci. Takardar ɗauka aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, a adana su inda ruwa da gara ba sa kai wa. Ranar haihuwar da ke fayil ta zama ɗaya da ta katin ɗan ƙasa da ta banki, sunan ma haka, domin harafi ɗaya kan tsayar da fansho wata da watanni. Mai asusun karo-karo ya riƙa neman bayanin asusunsa, ya ga ko ana zubawa. A sabunta sunan magaji: mun ga gwauraye suna yawo da marayu domin maigidan ya bar sunan wansa da ya rubuta tun yana saurayi. Iyalin wanda ya rasu yana bakin aiki a ƙarƙashin dokar 2014 su tuna cewa, ban da abin da ke asusunsa, akwai inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba.

Aikin da muke roƙon kowace ƙaramar ƙungiya ta unguwa ta yi kafin darasi na gaba shi ne wannan: a rubuta sunayen duk waɗanda suka haura shekara 65 a cikinku, a san wane ne ke da fansho kuma a wane tsari, wane ne aka daina biya saboda bai je tantancewa ba, wane ne ba shi da katin ɗan ƙasa. A yi tambayar a ɗakinsa, ba a gaban taro ba, kuma littafin ya tsaya a hannun mutum biyu kaɗai. Matasa masu waya su raka wanda ke da tantancewa, Zumuntar Mata kuma su ɗauki nauyin shiga wurin gwauraye. Idan a lungunku akwai tsohon da ba namu ba ne, kuma ya yarda, a rubuta har da shi.